Gurbin Hambali

Hambali na tsakiyar noman firi a gonar mahaifinsa a Dugabau ya hango Malam Datti tafe a kan keke, yana ɗaga wata takarda sama. Ko gaisawa ba su gama ba Malam ya ce, "An ɗauke ka. Za ka buga wa ƙasa."

Malam Datti ne ya koya masa wasan kurket a makarantar kwana ta Gwarzo. Shi ma a wajen malaman Indiya ya koya, kafin tsuke bakin aljihu ya sa su tattara komatsansu, su bar masa katakon bugu biyu da ƙwallaye huɗu. Da waɗannan ya riƙe wasan a garin da ba wanda ya damu da shi. Ɗalibai da yawa sun gwada sun watse, har da ɗansa na cikinsa Mahbub, sa'an Hambali, wanda ya yi zango ɗaya ya ce shi ba zai ƙone a rana a banza ba. Hambali ne ya tsaya. In ya sheƙo a guje ya saki ƙwallo, mai bugu sai dai ya ji turakun da yake karewa sun zube a bayansa.

A wata gasa a Kaduna wani dattijo mai zaɓen 'yan wasa ya gan shi, ya rubuta sunansa. Ƙungiyar ƙasa a lokacin tatata take yi, wannan ce fitarta ta farko zuwa gasa a Turai, kuma 'yan wasanta duk mutanen Kudu ne da ba su taɓa ganin Hambali ba. Babu halin buɗe sansanin horo, sai aka ce kowa ya yi atisaye a gida, a haɗu a filin jirgi.

Shekarar ce aka ƙaddamar da Shari'a, ƙurar rikicin Kaduna ba ta gama kwantawa ba. Malam ya ce hanyar Legas, inda ofishin ƙungiyar yake, ba ta baƙo ba ce a irin wannan lokaci, shi zai je ya yi masa fasfo. Ya karɓi takardar haihuwa, da ta shaidar ƙaramar hukuma, da wasiƙar gayyata.

"Malam, hoto fa? In je Gwarzo in ɗauka?"

"Bar shi tukuna. Kai dai ka riƙe atisaye."

Ya riƙe kuwa. Kullum bayan asuba sai ya ruga Kabo ya dawo. Mahaifiyarsa, Inna Uwaliya, ta sayar da tunkiyarta ta saya masa takalmin wasa.

Saura kwana goma tafiya Malam ya dawo, idanunsa jajur. Ya zauna a zaure, ya dubi Hambali. "Sun cire sunanka, Hambali. Wai ba za su tafi da ɗan Shari'a ba. Takardunka ma sun ce sun ɓata."

Hambali ya yi kuka kamar ƙaramin yaro, Malam ya taya shi. Da labari ya zo cewa an cinye ƙungiyar a duk wasanninta, ya ji sanyi a ransa, daga baya ya yi istigfari. Bai sake taɓa ƙwallo ba. Takalmin ya ba wa wani maƙwabci mai zuwa cirani.

Malam kuwa ya riƙe shi uba. A satin nan na baƙin ciki Mahbub ya samu tafiya karatu Sudan, Hambali ne ya ɗaukar masa akwati har tashar Gwarzo, daga can uban zai raka shi gaba. Daga nan gonar Malam ta dawo wuyansa, sai ya nome ta yake shiga tasa. Da Malam ya rushe gidansa na ƙasa ya tayar da na bulo, duk da fanshon da ba ya zuwa a kan kari, Hambali ne ya yi ta jidar yashi. Ranar da Malam ya rasu, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Mahbub bai zo ba, an ce matsalar takardu ce ta riƙe shi.

Shekara goma sha ɗaya bayan wasiƙar, wani ɗan jarida daga Kaduna mai suna Mijinyawa ya yi sallama a ƙofar gidansu. Tarihin ƙungiyar yake haɗawa. Bayan an gaisa an sha ruwa, ya ce yana neman iyayen Hambali Hadi, ko suna jin ɗuriyarsa.

"Ai ni ne Hambali Hadi."

Mijinyawa ya ajiye kofin. "Yaushe ka dawo?"

"Daga ina?"

Baƙon ya dube shi sama da ƙasa, sannan ya faɗa masa abin da kowa a harkar ya sani. Ɗan Arewa guda ɗaya da aka ɗauka ya sauka Turai tare da ƙungiyar, ya sulale daga masauki kafin wasan farko, ba a sake ganinsa ba. Ƙungiyar ta shiga fili babu mai jifan ƙwallon da ta dogara da shi. Har yau in an kawo sunan ɗan Kano wajen zaɓen 'yan wasa, sai wani ya tuna da Hambali.

"Wallahi ban taɓa shiga jirgi ba," in ji Hambali. "Su suka cire ni."

 Mijinyawa ya buɗe jaka ya ciro hoton da aka ɗauka a filin jirgin Legas ranar tafiya, 'yan wasa da masu rakiya, da sunaye a jere a ƙasa. Ya ɗora yatsa a kan sunan Hambali Hadi, ya ja shi sama zuwa layin baya.

Mahbub ne tsaye cikin rigar ƙasa yana murmushi, Malam Datti na gefensa dafe da kafaɗarsa.