Binciken Juniper

"Juniper, yau me za ki yi?"

"Ina tunani, Renata."

Laraba ta takwas ke nan. A wata 'yar makaranta da ke jihar Vermont, kowace Laraba yaro ke zaɓar abin da zai bincika, malami kuwa ba shi da ikon cewa yi kaza. Sauran yara na ƙera akwatin kiwon zuma, Juniper ta zuba tagumi tana kallon malamarta, Renata.

Renata sabuwar ɗauka ce. In ta tsawata, ta karya doka. In yarinyar ta je gaban iyaye hannu rabbana, aiki ya tafi. Ta cije. Mai digiri biyu, 'yar shekara goma sha biyu ba za ta ga bayanta ba.

Ranar baje kolin binciken yara gaban iyaye, Juniper ta yaye ƙyallen allonta: "Mako nawa malama za ta jure kafin ta fashe?" Ga zanen fuskar Renata guda takwas, kowace ta fi ta baya murtukewa.

Iyaye suka ɓarke da tafi, shugaban makaranta har da ƙwalla. Renata ta sauke ajiyar zuciya.

"Bai kammalu ba fa," in ji Juniper. "Ba ta fashe ba tukuna. Zango mai zuwa zan ɗora."