Rantsuwa a Gaban Mai Haraji

"Dubi rufin nan, ranka ya daɗe! Kwando ma ya fi shi riƙe ruwa!"

Shamshad yana jan Tiwari, jami'in harajin gado na birnin Lucknow, ɗaki-ɗaki a gidan marigayi mahaifinsu. Tun safe ya jiƙa bango, ya aro awaki ya zuba a falo.

"Kimar da kuka yi wa kangon nan zalunci ce. Wallahi ko rupi dubu goma aka ba ni yanzu, na sayar da rabona!"

Tiwari ya toshe hanci, ya rage kimar.

Nighat, ƙanwar Shamshad, ta dire shayi, ta zare awarwarayenta na zinare, ta ajiye su a gabansa kuɗin rabonsa.

"Sun fi dubu goma, Yaya, kuma ka rantse gaban hukuma. In za ka fita, tafi da awakinka."