Allurar da Ba Ta Huda

"Allurar na'urarmu ba ta huda ƙwayoyin jikinka ba, Kaka," in ji wata mai binciken cututtuka, jikar wani tsohon ɗan tauri. "Shafa su take yi da ransu, tana auna taurinsu."

Tsohon ɗan taurin ya kece da dariya. "Ke amarya, wuƙaƙen Rano da Kibiya shekara hamsin suna lanƙwashewa a cikina, balle allura!"

"Ƙwayoyin da muka samo a fitsarinka sun yi laushi. Likita ya tabbatar ciwon daji ne, sai an yi aiki."

Washegari ya hau babur zuwa garin Tarai, neman wanda zai karya masa taurin, kada wuƙar likita ta ƙi cinsa.