Abin da Ya Maƙale a Bawul

Rifkatu ta kwance noti na ƙarshe, ta ɗaga murfin bawul ɗin, wato makullin bututun ruwa, da ya daina rufuwa, sai wari ya buge ta. Ba ta daɗe da fara koyon gyara a wannan masana'anta ta Kakuri ba.

Ruɓaɓɓen ɓera ne maƙale a ciki, gashinsa duk ya saɓule.

"Sa hannu ki ciro shi," in ji Oga Chigozie, mai koya mata aiki, yana toshe hanci.

Ta ciro shi guntu-guntu. Ta tofar da yawu, ta ruga famfon ɗakin cin abinci, inda take sha kullum, don ta kurkure baki. Ta murɗa, ko ɗigo babu.

Mama Philomena mai girki ta leƙo.

"'Yata, babu ruwa sai kun gama gyaran nan. Ai bututunmu ne kuka rufe."