Randar da Aka Kife

Yaya Irmiya ya shigo gida yana huci. Wai kuɗin ruwa ya tashi a ko'ina, shi kuwa asusun da yake jefa ɗan abin da ya samu duk ƙarshen wata bai ƙara masa abin kirki ba. Wahalar banza ce, in ji shi. Zai kwashe kaf ya kai inda ake ba da ruwa mai tsoka. Amma fa can kulle maka kuɗinka ake yi shekara guda, ko me ya same ka ba ka taɓawa. Matarsa Rifkatu na zaune a tabarma da tsohon ciki, sai murza bakin zaninta take. Ni har bakina yana ƙaiƙayi, amma wa ya aike ni? Gwaggo Tabita, yayar babanmu, ita ta ajiye waken da take tsincewa ta ce, "Irmiya, tunda zancen ruwa kake, zauna ka ji." Bai zauna ba. Ita ma ba ta jira shi ba, yana tsaye ta ba shi labarin.

Ta ce wani ƙauye ne a kan tudu, rijiyarsu tana can ƙasa, in mutum ya tafi da safe sai azahar. A ciki akwai wani manomi da wata tsohuwa, katanga ɗaya ta raba su, kowa da randarsa a ƙarƙashin indararo. Wata shekara sama ta yi rowa, ba a samun komai sai yayyafi. Tsohuwar nan, da ta ji ƙas-ƙas a rufi sai ta fito da ciwon gwiwarta, ta bar na farko ya wanke ƙura, sannan ta buɗe randa. In ya ɗauke ta juye a tulu ta rufe da faifai. Wata rana abin da ta samu ko moɗa bai cika ba. Gobe ta sake fitowa. Shi kuwa manomi matarsa ta kusa haihuwa, ya kuma san wankan jego ba ya wasa da ruwa. Sai fatake suka zo da labarin wai a gabas ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, har gada ya cinye. Ya dubi randarsa tana ɗis, ɗis, ya ji haushi ya kama shi. Ya tuntsurar da ɗan abin da ke ciki, ya kife ta. Ya haƙa ƙaton rami a tsakar gida, ya karkata indararo ya nufi ramin. Ya leƙa ta katanga ya ce wa tsohuwa ta ci gaba da tara hawayen sama, shi babban yake jira.

Kullum da la'asar hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Tsawa, walƙiya, kaji na gudu, shi yana tsaye a bakin rami ya ɗaga kai. Can sai iska ta taso ta kwashe hadarin ta yi yamma da shi, a bar su da yayyafi. Yayyafin ya gangaro ta indararo ya faɗa rami, ƙasa ta shanye nan take. Gobe haka. Jibi haka. Cikin matarsa sai ƙara sauka yake. Ana nan, rana tsaka, naƙuda ta tashi. Ungozoma ta leƙo ta ce a ɗora ruwa. Ya ruga bakin rami, ba komai sai danshin laka. Ya ɗaga randar da ya kife, gizo-gizo har ya yi saƙa a ciki. Ya dubi hanyar rijiya, ya san kafin ya je ya dawo an gama komai. Ungozoma ta sake leƙowa, wannan karon da tsawa. Sai ya ji kukan jariri. Ya sunkuya ya ɗauki ƙwarya, ya zagaya katanga, ya tsaya a ƙofar tsohuwar da ya yi wa dariya. Ta fito ta ga ƙwaryar a hannunsa. Ta ɗage faifai, ga tuluna a jere, kowanne cike har wuya. Ta ba shi na wanke jariri, ta ba shi na shan mai jego. Na wanka kuwa ta ce ya yi haƙuri, daidai bakinta ta tara. Ya juyo da ƙwaryar a hannu biyu yana takawa a hankali kada ɗigo ɗaya ya zube, hadari na ta gurnani a kansa kamar kullum.

Gwaggo ta ja farantin wakenta. Yaya ya ce, "To Gwaggo, ai dai babban ruwan ya zo daga baya, ko?"

"Ya zo mana," in ji ta. "Bayan suna. Ya cika ramin har ya tumbatsa. Ita ma tsohuwar ya cika mata randa, ai tata a buɗe take."

Yaya ya dubi matarsa, ya ja kujera ya zauna. Gwaggo ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Irmiya," ta ce, "ruwan da ya dake ka shi ne ruwa."