Yatsa Uku a Kwanar Dutse

"Gaisuwar fasinja kake ci, malam, ba aiki ba!"

"To kai ma ka ce su gaishe ka mana, ɗan'uwa. Ni na riƙe musu baki?"

Haka wasu helma biyu, shugabannin lebura, suka kaure a bakin tasha, leburorinsu sun jingina da diga suna kallo. Rana ɗaya aka ɗauke su aikin dogo, a wata tsohuwar hanyar jirgi da ke tasowa daga fili ta hau dutse. Ɗaya aka ba shi fili, shi ne mai gorin gaisuwa, ɗaya aka ba shi dutsen. Na fili gwani ne, wannan ba a ja. Layinsa miƙe yake sambal kamar an ja zare, ba noti ɗaya mai motsi. To amma gwanintar ce ta cuce shi, domin jirgi in ya samu hanya mai kyau gudu yake, fiu, ba mai ganin fuskar kowa. Rabonsa hayaƙi da tuƙar rake ta taga. A dutse kuwa jirgin nishi yake kamar tsoho a matakala, "zan hau, ba zan hau ba, zan hau, ba zan hau ba," yana zagaye kwazazzabai, yana ratsa gada a kan ruwa mai faɗowa. Fasinjoji duk su leƙo kallo, sai ga helman dutse tsaye da sifana, a yi ta jefo masa goro. Na fili har ya iya kwaikwayonsu, ya maƙale murya ya karya wuya: "Sannu da aiki, Baaaba! Allah ya biya, Baaaba!" Ya gama ya tofar da yawu.

Sai babban helma na layin gaba ɗaya ya ajiye aiki, aka ce injiniya zai naɗa wani. Na fili a ransa ya gama yankewa cewa mai goro za a ba. Ranar hutu ya saɓa katakon awonsa, mai ɗigon ruwa a tsakiya, ya hau dutse da ƙafa neman aibu. A kwanar farko ya gicciya katakon a kan ƙarafan dogon biyu, ɗigon ruwa ya gudu gefe guda. Ƙarfen waje, na bakin rami, ya fi na ciki tudu da yatsa uku cur! Ya auna kwana ta biyu, haka. Ta uku, haka. Kwana goma sha bakwai ya auna, bai sami ɗaya a daidaice ba. Shi da bai taɓa shimfiɗa kwana ba a rayuwarsa, daɗi ya kusa kashe shi. Ya sauko da gudu har takalminsa ya tsinke, ya faɗi gaban injiniya: "Ranka ya daɗe, ba don kaina ba, don rayukan bayin Allah na zo. Dogon dutse a karkace yake daga sama har ƙasa."

Abin da bai sani ba, takardar naɗin tana cikin aljihun injiniyan, kuma sunansa ne a jiki. Layinsa ne a bakin tasha, shi injiniya ke gani kullum. Dutse kuwa ya shekara biyar bai taka ba, gwiwa ta hana shi. Amma ƙara irin wannan ba a barin ta ta kwana. Aka ɗora injiniya a keken dogo, leburori na turawa, mai ƙara na gaba yana nuna hanya kamar ɗan jagora, har da riƙe masa lema.

Injiniya ya durƙusa a kwanar farko ya auna. Ya tambayi helman dutse wa ya ba shi wannan lissafi. Shi kuwa ya sosa ƙeya ya ce ba kowa, ƙwaryar ruwa yake ajiyewa a tarago ya bi jirgin. Kwanar da ruwa ya fantsala ta gefen rami, sai ya ƙara cusa tsakuwa a ƙarƙashin ƙarfen waje har ruwan ya zauna. Injiniya ya juyo ga mai ƙara ya ce ashe bai taɓa ganin mai keke ya sha kwana ba? Kwantawa yake ciki. Jirgi ma haka. Yatsa ukun nan su ke kwantar da shi jikin dutse. A daidaita ƙarfen biyu, ramin can ne masaukinsa. Bai tsaya nan ba, sai da ya bi kwana goma sha bakwai ɗin duka, domin mai ƙara ya ƙirga masa su da bakinsa, kuma kowace ya auna sai ya girgiza kai ya ce, "Madalla." A ta ƙarshe ya zaro takardar, ya soke suna, ya rubuta wani. Ya kuma yi wa na fili godiya ƙwarai, ya ce ba don shi ba da an yi kuskure.

Sabon babban helma ya miƙo masa goro ɗaya daga aljihu, ya ce, "Sannu da aiki, ɗan'uwa."

Na fili ya dubi goron, ya dubi ramin, ya ce, "Ni fa da ni aka ba wurin nan tun farko, dutsen zan miƙar."

Leburori suka juya keken, shi ya sauko da ƙafa, riƙe da lemar injiniya.

Dama Hausawa sun faɗa: hassada ga mai rabo taki ce.