Askin Ƙarƙashin Ruwa

Ruwa ya shanye filin wasan ƙwallon golf har gwiwa, amma manaja ya kafe.

"Doka ce, Baba. Kullum sai an yanke ciyawar bakin ramin ƙwallo. In ka gaza, ajiye aikin."

Injin yanka ya nutse tun jiya. Tsohon ya tuna bakuna takwas da yake ciyarwa, ya naɗe wando, ya ɗauki almakashi. Kwana uku yana durƙushe cikin ruwa, yana lalube yana datsa, yana mamakin laushin ciyawar bana.

Da ruwa ya janye, manaja ya zo duba aiki, ya yi turus. Koren kafet ɗin ofishinsa ne ambaliya ta shimfiɗa a bakin ramin, an aske shi tas.

"Ranka ya daɗe," in ji Baba, "gobe ma a yanke?"